Godiya ga shagon gyaran babur na kusa da Kwangila, Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Maigida da yaran shagonsa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya jama'a? Na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne saboda gyaran da kuka yi wa shokozoban gaban babur ɗina. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, kuma godiyar da na yi da baki a ranar ba ta kai rabin abin da ke raina ba. Maigida, ka ce kada in kira sunanka, na kuwa kiyaye. 'Yan acaɓan da ke tsayawa a wajen sun san shagon da nake nufi, wanda ya tambaye su ba zai ɓata ba.

Ni malamin makarantar firamare ne a wani ƙauye ta wajen Giwa. Babur ɗin nan, Bajaj Boxer, shi ne ƙafata. Da shi nake zuwa aiki, da shi nake kai yara asibiti, da shi nake ɗauko buhun masara lokacin kaka. Idan aka wuce Shika aka sauka daga kwalta, hanyarmu burji ce, ƙura da hunturu, taɓo da damina. Tun ƙarshen damina na ga mai yana tsattsafowa a jikin shokozoban dama, ƙura na mannewa tana zama baƙin kwaɓi. Sannu a hankali man ya fara gangarowa har kusa da birkin gaba. In na ja birki sai kan babur ya nutse gaba ɗaya, in na faɗa rami in ji "ƙwal" har cikin kafaɗuna.

Kafin in zo wurinku na biya wani wuri. Can aka kwance, aka sa sukudireba da guduma aka yi ta bugun oyil sil ɗin, wato zoben robar da ke hana man shokozoba yoyo, ya ƙi motsi, aka mayar aka ɗaure, aka ce mini ya mutu a ciki, sai dai in sayi sabon shokozoba ƙafa biyu. Kowa ya san yadda kayan gyara suka yi tsada tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi. Yawancin kayan nan daga Indiya da Sin ake shigo da su. Kuɗin da aka kira mini ya cinye babban kaso na albashina, ga kuɗin makarantar yara a gaba.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali a wurinka, Maigida, shi ne ba ka yi maganar kuɗi ba sai da ka duba. Ka ɗaga robar da ke rufe da bututun shokozoban, ka nuna mini inda ta tsage ta baya, wurin da ido ba ya kaiwa. Ka ce ta nan ruwa da yashi suke shiga. Ka bayyana mini cewa oyil sil ɗin roba ne a waje amma akwai zoben ƙarfe a cikinsa, ga kuma wani siririn kilif na ƙarfe da ke danne shi daga sama, alhali gidan da suke zaune a ciki alminiyam ne. In ruwa ya kwanta a wurin, ƙarfen ya yi tsatsa ya kumbura, alminiyam ɗin ya fitar da wani farin gari, sai su haɗe su kama juna. Da ka haska da fitilar waya na gani da idona, abin ya manne kamar ƙanzo a gindin tukunya. Ka kuma nuna mini tabo biyu a bakin gidan, inda sukudireban wancan wuri ya ci. Ka ce da bugun ya ƙara shiga ciki kaɗan, da ko sabon sil aka sa mai zai ci gaba da bi ta gefe. Ba ka zagi kowa ba, ba ka ma tambaye ni ko wane shago ne ba. Wannan hali ya burge ni ƙwarai.

Na zauna a kan benci na kalli aikin tun daga farko. An cire taya da madigadi, an sassauta murfin sama tun bututun yana ɗaure a jikin babur, don in an sauke shi babu abin da zai riƙe. An zare sifirin, an juye tsohon man a gwangwani. Ɗan abin da ya rage ne, launin toka, mai wari, da alamar ruwa a ciki. Notin alanki na ƙasa ya yi ta juyawa tare da sandar da ke ciki, sai babban yaronka ya ɗauko wani dogon rodi da kuka gyara bakinsa da kanku, ya zura ta sama ya riƙe sandar, notin ya kwance.

Daga nan ne na ga abin da ake kira haƙuri. Kilif ɗin ya nutse cikin tsatsa har ba a ganin bakinsa. Ka fesa man sassauta tsatsa, ka jingine ƙafar a bango, ka ce a bar shi ya sha, ka tafi ka gyara wa wani ɗan acaɓa sarƙa. Da ka dawo ka ɗauki ƙaramin tsinken ƙarfe ka dinga kankare ramin kaɗan-kaɗan har kilif ɗin ya fito gutsure biyu. Sil ɗin kansa har yanzu yana nan daram. Sai ka aiki ƙaramin yaron wurin mai shayi ya karɓo tafasasshen ruwa a buta. Ka wanke man da ke jiki, ka dinga kwarara ruwan zafin a kewayen bakin gidan, kana gaya wa yaran cewa alminiyam ya fi ƙarfe buɗewa in ya ji zafi, don haka gidan zai saki abin da ya riƙe. Ɗayansu ya ce a kai wa mai walda ya sa wuta. Ka ce a'a, wuta mai ƙarfi tana ƙona fenti, tana iya lalata gidan ma, a fara da mai sauƙi tukuna. Ka shimfiɗa yankin tsohuwar taya a bakin gidan don kada ƙarfe ya taɓa alminiyam, ka sa liba, ka ɗaga nan kaɗan, ka juya, ka ɗaga can kaɗan. A zagaye na wajen ƙarshe muka ji "ɓas", sil ɗin ya fito a ruɓe. Wallahi sai da na yi hamdala a fili.

Wani zai tsaya nan ya cusa sabo ya karɓi kuɗinsa. Kai kuwa ka goge mazaunin tas, ka bi bututun mai sheƙi da farce kana neman ƙurajen tsatsa, ka sami biyu, ka lallaɓa su da samfefa mai laushi da ɗan mai, domin irin waɗannan ƙuraje su ne ke yanka leɓen sabon sil cikin 'yan makonni. Ka mirgina bututun a kan gilashi ka tabbatar bai lanƙwashe ba. Wajen sa sabon, ka lulluɓe bakin bututun da leda, ka shafa mai, ka zura sil ɗin rubutunsa na kallon sama, sannan ka buga shi da guntun bututun roba na famfo har ya zauna daidai, sabon kilif ya faɗa raminsa. Ka dage sai an yi ƙafar hagu ita ma, ko da yake ba ta fara yoyo ba, ka ce shekarunsu ɗaya, kuma in ɗaya ta fi ɗaya tauri babur zai riƙa ja gefe. Man da ka zuba na shokozoba ne na gaske, ka buɗe robar a gabana, ka auna da sirinji, kowace ƙafa daidai da 'yar'uwarta. Na sha ganin inda ake ɗura tsohon baƙin mai da aka juye daga inji, a ce ai duk mai ne.

Sai maganar kuɗi. Ka miƙo mini tsofaffin kayan a leda, ka faɗi kuɗin kowane abu da aka saya, ka faɗi na aikinka daban. Duka-duka bai kama ƙafar abin da aka ce in kashe a can ba. Na ƙara wani abu don yinin da na cinye muku, ka ce in ba yara. Na lura kuma da aka kira sallar azahar duk kuka ajiye sufana kuka tafi masallaci tare, kuma tun da na zauna ban ji ka ɗaga wa ƙaramin yaron nan murya ba, ko lokacin da ya zubar da washa a ƙasa. Ni da nake yini da yara a aji na san abin da wannan ke nufi. Iyayen da suka kawo maka 'ya'yansu koyon sana'a sun dace.

Yanzu hunturu ya shiga sosai, ina bin hanyar nan kullum, bututun a bushe yake ƙayau. Babur ya daina nutsewa, kafaɗuna sun huta, mai ɗakina ma ta ce ta ji bambanci ranar da muka je gaisuwa Samaru. Ina bin shawarar da ka ba ni: in riƙa goge ƙurar wurin da tsumma mai laushi, in duba robar murfin lokaci-lokaci, in kuma hana masu wankin babur harba ruwan inji kai tsaye a bakin sil. Na isar da ita ga abokan aikina, biyu daga cikinsu sun ce suna nan tafe da nasu baburan.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya yi wa sana'a albarka, Ya ƙara buɗi na halal. Allah Ya raya yaran nan, Ya nuna maka ranar da kowannensu zai buɗe nasa shagon. A gaida mai shayin da ya ba da ruwan zafi, shi ma yana da kaso a ladan.

Wassalam.

Naku,
Malamin makaranta daga yankin Giwa