Malam Edita, a yi wa jama'ar zango bayanin ƙwan LED

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaisuwa da kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira.

Ni tela ne a Aboabo nan Kumasi, kuma ni 'yan gidanmu suka ɗora wa tara kuɗin wuta. Gidan haya ne mai ɗaki goma sha biyu amma mita ɗaya, to ka san yadda abin yake, wannan ya ce shi fanka kawai gare shi, waccan ta ce ai ta yi sati biyu ba ta gari, kiredit kuma ya ƙare tun wata bai raba ba sai kowa ya juyo yana kallona kamar ni na cinye. Bara da abin ya ishe ni na ɗauki biro da takarda na zaga gidan ina duba ƙwan da ke kowane lungu. A zaure da banɗaki da bakin ƙofa inda Hajiya take dama koko da asuba, duka ukun tsohon ƙwai ne mai siririyar waya a ciki, wat 60, kuma tun magariba ake kunna su sai gari ya waye.

Ga lissafin da na yi musu, kowa ma zai iya. Wat 60 na awa 12 kullum, a kwana 30 ya ci yunit 21.6. Ƙwan LED mai wat 9 haskensu ɗaya da shi, amma a wannan lokacin yunit 3 da ɗan wani abu zai ci. Tsofaffin ƙwan uku kenan suna cin wajen yunit 65 a maimakon 10 da LED uku za su ci. Wallahi sai da na maimaita sau biyu kafin dattijon gidan ya yarda. Dalilin kuwa shi tsohon ƙwai sai ya gasa wayar nan ta yi jajir sannan ta ba da haske, kusan kashi 90 na wutar da yake sha zafi take zama, shi ya sa ba ka iya taɓa shi da hannu. LED ba ya gasa komai, wani ɗan ƙaramin abu ne a ciki da ke fidda haske da zarar wuta ta ratsa shi. Tsohon ƙwai wajen awa 1,000 yake yi ya ƙone, LED mai kyau yana kai awa 15,000 ko fi.

Manyanmu ba su manta 2007 ba, da ruwan madatsar Akosombo mai ba Ghana wuta ya ja baya aka shiga rabon wuta, gwamnati ta raba ƙwai miliyan 6 kyauta, irin mai lanƙwasar nan da ba ya cin wuta sosai, daga baya a 2008 aka yi dokar hana shigo da mai waya. Mai lanƙwasar ya yi mana rana, ba za a raina ba, sai dai akwai sinadarin makuri a cikinsa mai guba, in ya fashe a ɗaki inda yara ke rarrafe ba abin wasa ba ne. LED ba shi da wannan.

A shago ma na ga bambanci. Ana gobe Sallah mukan kai ƙarfe uku na dare kan keke, da can ƙwan da ke saman kaina zufa yake sa ni har ta ɗiga kan shaddar mutane. Yanzu farin LED na rataya, wanda aka rubuta 6500K a kwalinsa, ina zura zare a allura ba wahala kuma ina banbance baƙi da shuɗi mai duhu. Na ɗakin kwana kuma mai 3000K na saya, haskensa ya ɗan yi ruwan ƙwai, ya fi daɗin ido.

Amma abin da ya fi sa ni rubutowa shi ne jabu. Na farko da na saya a kasuwa don araha, an rubuta wat 18 ɓaro-ɓaro amma haskensa kamar aci-balbal, yana ta ƙifta ido, wata biyu bai cika ba ya mutu. Maƙwabcina da ya ga haka ya ce ai LED ɗin duk yaudara ce ya koma tsohonsa, har yau ban shawo kansa ba kuma abin yana damuna sosai, don talaka ne ke asara sau biyu. Mutanenmu wat kawai suke tambaya, alhali wat abin da ƙwan ke ci ne, haske kuwa lumen ake dubawa, wajen 800 ya ishi ɗaki madaidaici. A duba takardar taurari ta hukumar makamashi, wato Energy Commission, irin wadda ake gani jikin firiji, a tambayi mai shago ko zai canza in ya mutu da wuri, kuma kar a kulle ƙwan cikin gilashin da iska ba ta shiga don zafi ne ke kashe shi.

Don Allah Malam Edita ku gayyato mai gyaran wuta da ya san aikinsa ya yi wannan bayani da Hausa, ya zo da kwalin ƙwai mai kyau da na jabu a nuna wa mutane. Limamai da malaman makarantun allo ma a sanar da su, masallacin unguwarmu kaɗai ƙwai nawa ne ke kwana a kunne.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Naku,
wani tela daga Aboabo, Kumasi