Gudu daga hannun 'yan sanda yana jefa yaranmu cikin wani sabon laifi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da ya faru a layinmu, wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi. Yaron maƙwabcina ne, ɗan adaidaita sahu, 'yan sanda suka yi sumame da daddare suka kwashe su a majalisa, shi ba ma a rigimar da ake nema yake ba, amma da motar ta rage gudu a kwana sai ya diro ya ranta a na kare, garin haka ya gurɗe ƙafa, ya je ya ɓuya gidan yayarsa kwana uku. Da ya zauna lafiya da tuni an sake shi da safe kamar sauran, to amma yanzu ga shi an rubuta masa tserewa daga hannun hukuma, kuma wannan laifi ne mai zaman kansa, kotu ba ta duba ko kai ka yi abin da aka kama ka a kai tun farko.

Matasanmu da yawa ba su san haka ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 da Shugaba Buhari ya sa wa hannu ta ce wanda ya yi wa ɗan sanda turjiya ko ya kai masa duka ko ya hana shi aikinsa, tarar naira 500,000 ce ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun. Ina ɗan adaidaita zai samo rabin miliyan? Ga kuma abin da ya fi ba ni tsoro, sashe na 33 na kundin tsarin mulki na 1999 ya yarda a yi amfani da ƙarfi gwargwadon buƙata don hana wanda aka tsare bisa doka guduwa, wato in ka sheƙa a guje a bi ka da harbi, gawarka za a zo ana gardama a kai.

Amma Malam Edita mu faɗi gaskiya, yaran nan ba hauka suke ba. Suna gudu ne saboda sun san shiga sel da wuyar fita, an rubuta beli kyauta ne a bango amma uba sai ya sayar da akuya. Alhali sashe na 35 ya ce a gaya wa mutum dalilin kama shi, kuma a kai shi kotu cikin awa 24 in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Su kuma wasu jami'an zuwa suke ba kaki ba katin shaida cikin mota mai baƙin gilas, a wannan zamani na masu garkuwa da mutane wa zai tsaya?

Abin da ya ƙara ƙona min rai, da ba su ga yaron ba sai suka tafi da mahaifinsa, dattijo mai hawan jini, duk da dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani. Da kaina na kai masa kunu da tabarma, yana zaune a bayan kanta yana ta jan carbi.

Ina roƙon kwamishinonin 'yan sanda su ja wa yaransu kunne kan nuna shaida da faɗin dalili, masu unguwanni da limamai kuma su riƙa sanar da matasa wannan doka a masallaci. Shari'ar yaron tana nan gaban majistare, an ɗaga zuwa wata mai zuwa.

Wassalam.
Mai karatunku daga Kano