Wasiƙar Godiya ga Ofishin da Ya Kai Mahaifiyarmu Kan Dusar Ƙanƙara

Zuwa ga Alhaji mai ofishin tafiye-tafiye na Shari' Mansur, a nan Makka, da dukkan ma'aikatansa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku. Na rubuto wannan takarda ne a madadin gidanmu, ni da ƙannena da yayarmu da ke aure a Jidda. Na ga ya fi kyau in buga ta a fili maimakon in kawo muku ita a ambulan, domin yabon gwani ya zama dole, kuma ya kamata 'yan'uwanmu Hausawa na Makka da Jidda da Madina su san inda ake riƙe amana. Alhaji ya roƙe ni kada in sa sunansa, na kuwa bi maganarsa. Mutanen unguwa sun san ofishin da nake nufi.

Kun shirya tafiyar da ta kai mahaifiyarmu, dattijuwa mai ciwon gwiwa da hawan jini, daga Makka har ƙasar Suwizalan. A can jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke ta ya sauke ta a kan dusar ƙanƙara a tsaunukan Alps, ta taka ta da ƙafarta, ta dawo gida lafiya lau. Tashi da sauka da tsayawar duka-duka ba su cika awa ɗaya ba. Amma mu da muka ga irin hidimar da kuka sha kafin a kai ga wannan ɗan lokaci, mun san ba ƙaramin abu kuka yi ba.

Tun tana yarinya Umma ta zo Makka, duwatsun da ta sani su ne namu na nan, baƙaƙe masu zafi, sai sanyin Ɗa'ifa idan an hau ta hanyar Hada. A kullum idan ta tayar da salla tana karanta addu'ar buɗe salla da ta zo a hadisin Abu Huraira cikin Buhari da Muslim, wadda bawa ke roƙon Allah Ya wanke masa zunubansa da ruwa da dusar ƙanƙara da ƙanƙarar sama. Ruwa ta sani, ƙanƙarar sama ta gani tun a gida, ɗayar ce ba ta taɓa sa wa ido ba. Duk lokacin sanyi idan jikoki suka nuna mata hotunan Jabal Lauz na yankin Tabuk ya yi fari fat, sai ta ce, "Allah Ya nuna mini wannan abu kafin in koma gare Shi." Dutsen Tabuk ɗin mita 2,580 ne, dusarsa takan sauko ta narke cikin ɗan lokaci, wata shekarar ma da ƙyar ake ganinta. Ba abin da za ka ɗauki tsohuwa ka yi doguwar tafiya kana jiran sa ba ne.

Ranar da na shigo ofishinku da wannan magana, Alhaji, ba da kuɗi kuka fara ba. Kun tambayi shekarun Umma, da magungunan da take sha, da ko takan yi haki idan ta hau bene. Sannan kuka ce ba za ku karɓi ko riyal ɗaya ba sai likitanta ya duba ta ya rubuta cewa za ta iya. Kun yi mini bayani dalla-dalla cewa idan mutum ya haura mita 3,000 iskar da yake shaƙa ba ta kai ta ƙasa kauri ba, kusan kashi 70 cikin 100 ce ta abin da ya saba, zuciya kuma sai ta ƙara aiki, sanyi yana ƙaruwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000. Mai hawan jini ba ya wasa da wannan.

Abin da ya fi burge ni a wannan zama shi ne da bakinku kuka nuna mini hanyar da ta fi araha. Kun ce akwai jirgin ƙasa da ke hawa har Jungfraujoch, tashar da ta fi kowace tashar jirgin ƙasa tsayi a Turai, mita 3,454, wadda aka buɗe tun 1912. Kun faɗi kuɗinsa, kun faɗi na helikwafta, ba ku ɓoye tazarar da ke tsakani ba. Kuka kuma faɗi wahalarsa ga mai irin gwiwar Umma: sauya jirgi a hanya, cunkoso, da daɗewa a can sama. Kuka bar mu muka je muka yi shawara a gida. Ɗan kasuwar da zai nuna maka abin da ribarsa ta fi ƙanƙanta a cikinsa, ya bar maka zaɓi, irinsa ba su da yawa, kuma tun daga ranar hankalinmu ya kwanta da ku.

Maganar takardu ba zan tsawaita ta ba. Bizar Shengen ta shiga Turai, da inshorar lafiya, da huruj wa auda, wato izinin fita da dawowa Saudiyya, da duba kwanakin iƙama, wato takardar izinin zama, da tikitin Jidda zuwa Jeniba, da motar da ta kai mu garin Interlaken, duk sun tafi daidai ba tare da mun yi ta zirga-zirga ba.

Ƙananan abubuwan ne nake so in tsaya a kansu, domin a nan aka ga tarbiyya. Kamfanin jirgin yana buƙatar sanin nauyin kowane fasinja, saboda ƙaramin jirgi ne mai ɗaukar mutum biyar ban da matuƙi, kuma da nauyin ake raba wurin zama. Malamar da ke kula da tikiti ba ta tambayi Umma a gaban maza ba. Ta tashi ta riƙe mata hannu, ta ce, "Mama, mu shiga ciki in gwada miki rigar sanyi," suka shiga ɗakin baya, ta auna ta, ta rubuta a takarda ta ninke. Ita ce kuma ta rubuto mana jerin kayan da za mu saya: takalmi mai rufe idon sawu, safar hannu, baƙin tabarau saboda hasken dusa yana cutar da ido, da hijabi mai kauri wanda za a tura gefensa cikin riga don kada iskar farfela ta ɗaga shi. Ta haɗa mana da lokutan salla na garin, ta ja layi a ƙarƙashin magariba domin a bazarar can rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, ta rubuta cewa alƙibla tana kudu maso gabas.

Sai batun abin sha. A al'adar irin wannan yawo, idan an sauka a kan ƙanƙara akan buɗe wa baƙi kwalbar giya. Mu ba mu san da haka ba, ku kun sani. Tun kafin mu bar Makka kun rubuta musu cewa Musulmi ne, kada a ɗauko ta ko a cikin jirgin. Kun kuma gaya musu Umma ba ta musabaha da maza, 'ya'yanta ne za su riƙe ta. Ba mu roƙe ku wannan ba, ku kuka hango mana shi.

Kun sa ranar tashin a farkon zamanmu, da safe, kuka ce a bar sarari a baya saboda yanayi. Hakan kuwa aka yi. A ranar da aka sa, gari ya waye da rana a Interlaken, amma kamfanin ya kira ya ce gajimare ya rufe can sama, ba za a tashi ba. Raina ya ɗan sosu, na kira ku, a lokacin ana shirin azahar a Makka. Alhaji ya ce, "Ɗana, matuƙin da ya ce maka a'a yau, shi ne wanda za ka ba amanar mahaifiyarka gobe." Ya bayyana mini cewa idan gajimare ya haɗu da farin dusa, ido ba ya bambance ƙasa da sama, matuƙi ba ya iya gane tazarar da ke tsakaninsa da inda zai sauka. Kafin la'asar kun daidaita sabuwar rana, ba a ƙara mana ko sisi ba.

Da ranar ta zo, a filin jirgin da ke kusa da Interlaken, matuƙin ya fito ya dafa ƙirjinsa ya ɗan rusuna wa Umma daga nesa. Ya nuna mana cewa ta gaba ake tunkarar jirgin, inda yake ganinmu, ba a kusantar wutsiya ko kaɗan saboda ƙaramar farfelar da ke can. Ya kawo ɗan matakala, ya ja da baya, ni da yaya muka hau da ita. Ya ba yaya abin sawa a kunne, ita ta ɗora wa Umma a kan hijabi, ta ɗaure mata bel. Umma ta karanta addu'ar hawa abin hawa da ƙarfi, duk muka ji ta cikin kunnuwanmu, har matuƙin, ya jira sai da ta kai ƙarshe kafin ya ɗaga.

Tafkuna biyu na Thun da Brienz suka bayyana a bayanmu, garin yana tsakaninsu. Muka bi ta kan kwarin Lauterbrunnen, inda ruwa ke zubowa daga bangon dutse a wurare 72, ɗaya daga cikinsu, Staubbach, yana faɗowa daga kusan mita 300. Daga nan sai kore ya fara ƙarewa. Muka gifta ta gaban bangon arewa na dutsen Eiger, baƙin bango miƙaƙƙe mai kusan mita 1,800, wanda ba a samu masu hawansa har ƙoli ba sai a 1938. Kusa da shi Mönch, sai Jungfrau mai mita 4,158. Ta tsakaninsu muka hango daskararren kogin Aletsch, wanda ya fi kowane girma a tsaunukan Alps, ya miƙe kimanin kilomita 20, yankin da UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2001. Umma ba ta ce komai ba sai tasbihi, carbinta yana tafiya a cikin safar hannu.

A Petersgrat aka sauke mu, wani faffaɗan doron ƙanƙara mai tsayin kimanin mita 3,200. Ba ko'ina ake yarda jirgi ya sauka ba. Gwamnatin ƙasar ta ƙayyade wurare 40 ne kawai a kan tsaunuka, saboda akwai masu ƙorafin ƙarar jirage da damun namun daji, kuma ni na ga dacewar wannan iyaka. Matuƙin ya kashe inji, ya fara sauka shi kaɗai, ya zagaya yana taka wurin, ya shata mana iyakar da ba za mu wuce ba, domin a irin wannan wuri akan sami tsagogi masu zurfi da dusa ta lulluɓe bakinsu.

Muka sauko da Umma. Ta tsaya ta daidaita numfashi yadda likita ya ce, sannan ta ce a cire mata safar hannun dama. Ta sunkuya, ni ina riƙe da kafaɗarta, ta damƙo dusar. Tsaki-tsaki ce kamar ɗanyen gishiri, tana narkewa tana bin tsakanin yatsunta zuwa hannun riga. Ta duba ta da kyau, ta shafa a goshi da kumatu, ta karanta addu'ar nan tun daga farko har ƙarshe, muryarta tana rawa. Yaya ta fashe da kuka. Matuƙin ya koma can gefen jirgi ya ba mu wuri, sai da muka natsu ya kawo shayi mai zafi da ruwan tuffa. Umma ta ce mini, "Ka gaya wa Alhaji na gani."

Kafin mu koma matuƙin ya nuna mana kudu, wajen dutsen Bietschhorn da kwarin Lötschental. A can ne ƙauyen Blatten yake, wanda ƙanƙara da duwatsu suka rufto suka binne mafi yawansa ranar 28 ga Mayu 2025, bayan an riga an kwashe mutanensa kusan 300. Ƙanƙarar ƙasar tana raguwa sosai: a 2022 da 2023 kaɗai ta rasa kusan kashi 10 cikin 100. Umma ta yi wa mutanen ƙauyen addu'a, ta ce wanda ya rasa gida ɗan'uwanka ne ko ba ka san yarensa ba. Matuƙin yana lura da ita duk tsawon lokacin, da ya ga leɓenta ya fara bushewa sai ya ce lokacin komawa ya yi.

Na san akwai waɗanda za su ce kuɗin ya yi yawa a kan abin da bai cika awa ba. Gaskiya ne yana da tsada, karo-karo muka yi, kowa ya kawo abin da ya iya. Wannan baiwar Allah ta shekara da shekaru tana sayar da abinci ga alhazai a lokacin aikin hajji don ta ciyar da mu ta sa mu makaranta, ba ta taɓa neman wani abu don kanta ba sai wannan. Duk cikinmu ba wanda ya ga an yi asara.

Ga 'yan'uwa masu niyyar kai iyayensu irin wannan wuri, ku fara da likita, ku bar kwanaki a baya saboda yanayi, ku nemi ofishin da zai gaya muku gaskiya ko da ba ta yi muku daɗi ba. Mu a Shari' Mansur muka sami namu.

Alhaji, muna roƙon ku isar da godiyarmu a rubuce ga kamfanin jirgin da matuƙinsa, cikin harshen da za su fahimta, ku gaya musu Umma tana sa shi a addu'a. Ta kuma ce in gaya wa Malama akwai saƙonta, yaya za ta kawo mata ofis ranar Asabar in Allah Ya kai mu. Allah Ya saka muku da alheri, Ya sa albarka a kasuwancinku, Ya jiƙan magabatanku, Ya ba ku 'ya'yan da za su yi muku fiye da haka.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Ɗanku kuma maƙwabcinku, a madadin iyalinmu, Makka.