Shari'ar gona ba ta da wa'adi ne?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shari'ar zaɓen gwamnan Kano ta nuna cewa kotunan ɗaukaka ƙara na iya sauri idan doka ta ɗaure su. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta yanke hukunci ranar 20 ga Satumba 2023, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da shi a Nuwamba, Kotun Ƙoli ta rushe shi ranar 12 ga Janairu 2024. Sashe na 285 na tsarin mulki ne ya sanya wa'adi: kwana 180 a farko, kwana 60 a kowane ɗaukaka.

To, mu manoma fa? Rikicin gona ba shi da wannan gata. Ana ta ɗage zama, damina ta wuce, gonar na zaune fako, wani lokaci har masu shaida su rasu.

Abin da ya fi damuna shi ne hurumi, wato wace kotu ce ke da ikon sauraron ƙarar. Sashe na 277 ya taƙaita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ga aure, gado, wasiyya, kyauta, waƙafi da riƙon yara. Idan rigimar ta mallakar gona ce, ba rabon gado ba, Babbar Kotun Jiha ake nufa. Mutumin ƙauye bai san wannan ba, wasu lauyoyin ma ba sa faɗa masa. Ya sayar da akuya da buhunan gero, can a ce kotun ba ta da hurumi, a koma farko.

Muna roƙon ma'aikatan shari'a na Dutse su riƙa bayyana wannan a rediyo da Hausa.

Naka,
Wani manomi daga Ringim, Jihar Jigawa