Husufin watan da ya tsayar da rundunar Atina

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini. Duk lokacin da wata ya yi husufi sai saƙonni su cika waya, wai wani babba zai rasu, wai yaƙi na tafe. Abin yana sosa mini rai, domin na yi shekaru ina koyar da tarihi, kuma akwai labarin da ban taɓa bayarwa a aji ba sai jikina ya yi sanyi.

A shekara ta 413 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mayaƙan Atina ta ƙasar Girka sun fi shekara suna yaƙin birnin Sirakus a tsibirin Sisili. Yaƙi ya juya musu baya, sansaninsu a fadama yake, cuta tana ta kayar da sojoji. Da ƙyar aka shawo kan shugabansu Nikiyas ya yarda a sulale a asirce. An gama shiri, jirage na jira, sai wata ya yi husufi a daren 27 ga Agusta. Hankalin sojoji ya tashi. Bokaye suka ce a dakata kwana tara sau uku, wato 27, Nikiyas kuwa ya ce ko zancen tafiya kada a yi masa kafin wa'adin ya cika.

Mutanen Sirakus ba su jira kowa ba. Suka ci mayaƙan Atina da yaƙi a ruwa, suka jera jirage suka toshe bakin tashar jiragen ruwa. Mutanen rundunar Atina wajen 40,000 suka kama hanya a ƙasa, ana bin su da masu. Tukididis, marubucin tarihin da ya rayu a zamanin, ya ce a wani kogi ƙishirwa ta sa suna rububin ruwan da ya gauraye da laka da jinin 'yan'uwansu. Aka kashe Nikiyas, aka tsare fursunoni aƙalla 7,000 a ramukan fasa dutse.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ilimin yana nan a lokacin. A cikin Atina ɗin wani masani mai suna Anaksagoras ya zauna, kuma tuni ya bayyana cewa inuwar duniya ce ke faɗawa kan wata. Masanan Babila, ko da yake su ma suna camfa abin, sun daɗe suna rubuta kowane husufi a allunan yumɓu har suka gano yana komowa bayan shekara 18 da kwana 11.

A daren 27 ga Yulin 2018 na zauna a waje da 'yata muna kallo. Inuwa ta riƙa cin watan daga gefe sannu a hankali har ya koma ja kamar tagulla, ya yi kusan awa ɗaya da minti 43 a haka. Ta ƙanƙame hannuna tana tambaya ko jini ne. Na ce mata hasken rana ne ya ratso iskar da ke lulluɓe da duniya, sauran launuka suka watse, jan ya isa. Sai na ji ta sassauta riƙon.

Malam Edita, don Allah kafin kowane husufi ku riƙa buga ranarsa da sa'arsa tare da wannan ɗan bayani, tun masu saƙon waya ba su riga ku ba.

Naku,
Wani tsohon malamin tarihi