Labulen Haske A Bakin Inji: A Auna Tazara Kafin A Ɗaura

Assalamu alaikum Edita. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin jan hankalin masu masana'antu da ma'aikatansu, musamman na Sharaɗa, Bompai, Challawa da Kakuri, kan wata na'urar kariya da ake sayowa da tsada amma sau da yawa a ɗaura ta yadda ba za ta kare kowa ba. Muna nufin labulen haske.

Sanduna biyu ne da ke fuskantar juna a bakin inji. Ɗaya tana aika jerin zaren haske wanda ido ba ya gani, ɗayar tana karɓa. Da zarar hannu ya tare zare guda, sai mai karɓar ta yanke izinin da injin ke tafiya da shi. Iyakar aikinta ke nan. Ba ta tare ƙarfen da ya fallatso, kuma birki ko bawul ne ke tsayar da injin. Don haka kafin a biya kuɗi a fara tabbatarwa cewa injin yana iya tsayawa a tsakiyar tafiya. Tsofaffin injinan buga ƙarfe masu kulocin da ba ya saki sai ya gama zagaye guda, labule ba ya yi musu amfani ko kaɗan. Shingen ƙarfe suke buƙata.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne tazara. Akan manna labulen dab da bakin injin domin ma'aikaci ya ji daɗin miƙa kaya, alhali hannu yana rigan birki isa. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta auna tazarar na'urorin kariya, ISO 13855, ta ɗauki gudun hannu a matsayin milimita 2,000 a sakan guda. Sai a haɗa lokacin da labule ke ɗauka kafin ya amsa, da na rile (makunnin lantarki da ke karɓar umarnin labule), da na birki, a ninka da wannan gudun. Idan jimlar ta zama sakan 0.15, tazarar ita ce milimita 300. Wannan lissafin na labule mai gane yatsa ne, wato mai tantance abu mai kaurin milimita 14. Mai tantance milimita 30 kuwa, yatsu sukan shige tsakanin zarensa kafin ya farga, shi ya sa ake ƙara masa milimita 128, tazarar ta koma 428. Kuma komai saurin birki, ba a sauka ƙasa da milimita 100.

Lokacin tsayawar nan aunawa ake yi da na'ura a jikin injin, yana ɗauke da mafi nauyin kayan aikinsa. Kada a kwafo shi daga littafin kamfani, domin littafin sabon inji yake bayyanawa. Birki yana cinyewa. Injin da ke tsayawa a sakan 0.15 bana, idan ya koma 0.2 baɗi, tazarar da yake buƙata ta ƙaru da milimita 100, labulen kuwa yana nan inda aka ɗaura shi, fitilarsa kore shar, kowa na ganin lafiya lau.

Bayan tazara sai kafofi. A duba ko hannu zai iya bi ta ƙarƙashin labulen, ko ta samansa, ko ta gefe, a toshe da raga ko farantin ƙarfe. Idan akwai filin da mutum zai iya tsayawa tsakanin labule da inji, to da ya shige zaren ya koma daidai, injin bai san yana ciki ba. A irin wannan wuri dole a saita shi yadda ba zai tashi da kansa ba sai an danna maɓallin sake kunnawa, maɓallin kuma ya kasance a waje, inda mai dannawa ke ganin cikin filin duka, wanda ke ciki kuma hannunsa ba zai kai gare shi ba.

Haɗin waya ma yana da ƙa'ida. Labulen yana fitar da wayoyin izini biyu masu bolt 24, kowace tana sa ido kan 'yar'uwarta. Dukansu za su shiga rilen kariya, shi kuma ya riƙe kwantakta biyu (manyan makunnan da ke ba injin wuta) a jere, a dawo da wayar shaida daga gare su domin idan bakin ɗaya ya narke ya manne, injin ya ƙi tashi. Haɗe wayoyin biyu wuri guda, ko kai su PLC (kwamfutar da ke sarrafa inji) na yau da kullum, ya rushe kariyar gaba ɗaya. Ga injin da zai iya cire yatsa ko hannu, a nemi labule ɗan rukuni na 4 na IEC 61496, ƙa'idar ƙera irin waɗannan na'urori. Rukuni na 2 ya fi araha, amma na ƙaramin haɗari ne.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne yi wa labule gada da guntuwar waya saboda yana yawan tsayar da aiki. Labule ba ya tsayar da inji haka kawai. Ƙurar hunturu ko tururin mai a kan gilashi, jijjigar da ta karkatar da sanda, hasken labulen injin maƙwabci da ke shigowa, ko faɗuwar wuta lokacin komawa janareta, a cikinsu ake samun dalilin. A goge gilashi da tsumma mai laushi da ɗan ruwa, ban da fetur ko tina da ke dusar da shi. A ɗaure sanduna a kan ƙafafu masu ƙarfi. Injina biyu da ke kusa a juya masu aikawarsu su ba juna baya, a kuma ba labulen na'urar wutarsa mai daidaita bolt. A kula da faranti mai sheƙi kusa da zaren, domin yakan karkato haske ya kewaye hannu ya isa ga mai karɓa.

Kowane labule yana zuwa da sandar gwaji mai kaurin da yake tantancewa. A farkon kowane zubin aiki a bi da ita a hankali daga sama zuwa ƙasa a wuri uku: kusa da mai aikawa, tsakiya, da kusa da mai karɓa. Jar fitila ta tsaya a kunne har a gama. Idan ta koma kore ko sau ɗaya, a kashe injin.

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta killace sassan inji masu haɗari. Muna kira ga sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, idan sun shiga masana'anta kada su tsaya ga ganin labule a ɗaure. Su nemi takardar awon lokacin tsayawa, su sa awo su gwada tazarar, su buɗe akwatin wuta su duba ko an yi gada, sannan su sa a yi gwajin sanda a gabansu.

Daga wasu masu aikin lantarki da gyaran injina, Kano.