Wasiƙa ga 'yata kan aikinta na riga-kafi

Assalamu alaikum, 'yata. Bayan gaisuwa, na ji kin zaɓi sinadaran DNA masu zaburar da riga-kafi a matsayin aikin bincikenki. Na yi murna, sai dai ina da jan kunne.

Tun 1926, da Alexander Glenny ya gano amfanin gishirin alminiyam, shi ake cuɗawa da alluran riga-kafi da dama don ƙara musu ƙarfi. Yana sa jiki ya ƙera antibodi (furotin ɗin da ke kama ƙwayoyin cuta) da yawa, amma ba ya taɓuka komai sosai wajen tada ƙwayoyin garkuwar jiki na T masu kisa, waɗanda ake kira CD8. Alhali bairus da ya riga ya shige cikin ƙwayar jiki ya kuɓuce wa antibodi. Sai an sami mai hallaka ƙwayar da ya ɓuya a ciki.

A nan DNA ke shigowa. DNA na bakteriya cike yake da jerin CpG (harafin C da G na DNA a jere) marar alamar sinadarin metil, namu kuwa yana da ƙarancinsa, kuma akasari da alamar. Arthur Krieg ya bayyana a 1995 cewa wannan jerin marar alama yana zaburar da garkuwar jiki, sannan a 2000 ɗakin binciken Shizuo Akira a Japan ya nuna TLR9, wani furotin mai gadi a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki, ne ke gane shi. Da ya gane shi, ƙwayoyin dendiritik, masu nuna wa ƙwayoyin T maƙiyi, sai su ɗauka maƙiyi ya shigo, su saki intaferon, sinadarin faɗakarwa, su ɗora guntun furotin na allurar kan MHC na ɗaya, furotin ɗin da ke baje shi a bayan ƙwayar. CD8 ta gani, ta hayayyafa, ta fita farauta da makamanta na kisa, perforin da granzaim.

To ga jan kunnen. Kada sakamakon ɓera ya ruɗe ki. A jikinsa nau'o'in ƙwayoyi da dama ne ke ɗauke da TLR9, a jikin mutum kuwa galibi ƙwayoyin B ne da wani rukuni guda na dendiritik. Abin da ya yi kyau a keji ba lallai ya kai asibiti ba. Ko Heplisav-B, allurar ciwon hanta mai CpG 1018 da Amurka ta amince da ita a 2017, da yawan antibodi aka auna nasararta.

Don haka idan kin ce sinadarinki na tada masu kisa, auna su kai tsaye, ki nuna sun kashe. In kuɗin aiki ya isa, ki gwada da ƙwayoyin jinin mutum tun da wuri.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki